Ƙofar da Ba a Buɗewa a Hayyis Sabi'

Gida uku na zauna a Alƙahira, amma na ukun ne kaɗai har yau nake mafarkinsa.

Na farko a Giza yake, kuma ban ko gama gane inda famfonsa yake ba aka raba ni da shi. Wani dillalin gidaje, simsar suke ce musu a can, ya tare ni da fara'a kamar kakarmu ɗaya, ya danƙa min makulli, har da sumbatar goshina. Washegari na dawo daga fafutukar rajistar makaranta na tarar makullin ba ya shiga, jakata tana wurin mai gadi, wasu mutane kuma suna soya albasa a ɗakin da nake kira nawa. Mai gadin ya dube ni ya ce, "Ma'alish," wato "yi haƙuri." Ita ce kalmar farko da na koya a Masar, kuma tun ranar na tsane ta, don duk wanda ya cuce ka da ita zai sallame ka.

Na biyu a Hadayiƙ el-Ma'adi yake, kuma bakina ne ya samo min shi. Ina cikin jirgin metro da jaka a tsakanin ƙafafu, ina ta ɗura wa simsar ashar da Hausa, da ƙarfi, a zatona babu mai ji. Sai wata dattijuwa mai lulluɓi irin na matan Sudan ta juyo ta ce, "Ɗana, shi ka zage shi, amma uwarsa me ta yi maka?" Kunya ta kama ni kamar in nutse. Hajja Asabe ke nan, Bahausar Sudan, wadda ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ta ba ni tabarma a falonta, ta ciyar da ni miyar busasshiyar kuɓewa har na daina kuka a banɗaki. Nisan makaranta ne ya raba mu. Ita ta haɗa ni da wani ɗalibi mai neman wanda zai cike gurbi a gidansu na Hayyis Sabi'.

Sunansa Malam Alhassan, mutumin Damagaram, dogo, mai magana kamar ana sayar masa da kalmomin. Yana shekararsa ta ƙarshe a karatu. Ɗayan mazaunin gidan Yusuf ne, Basine, wato ɗan ƙasar Sin, Musulmi tun kaka da kakanni, ɗalibin hadisi. Ya guji zama da 'yan ƙasarsu ne don kada Larabcinsa ya tsaya. Gajere ne mai dariya da dukan jikinsa, kuma da Larabcin littafi yake magana ko da albasa zai saya.

Ranar da na tare, Malam Alhassan ya dafa shinkafa da wake, ya jera kwano huɗu. Na duba mu, mu uku ne. Ya ɗauki na huɗun ya bi ta siririn lungun da ya wuce banɗaki, ya ajiye a bakin wata ƙofa, ya ƙwanƙwasa, ya dawo ya zauna.

Na ce, "Malam, akwai wani ne?"

Ya ce, "Malam Habibu ne. Ɗan Najeriyarku."

"Ba shi da lafiya?"

"Ba ya fitowa."

"To me ya sa?"

Ya kai loma, ya tauna, ya haɗiye, sannan ya ce, "Ranar girkinka, kada ka manta da kwanonsa."

Ni mutum ne mai baki, amma zuciyata ƙarama ce, ba na ɓoyewa. Wata da watanni ina gidan nan ban ga mutumin ba. Sai dai in ga kwanon ya dawo bakin ƙofa a wanke. In mun dawo daga makaranta mu tarar da ƙasan banɗaki a jiƙe, buta ba a inda aka bar ta ba. Wani lokaci ka ji tari, busasshe, mai tsawo, daga nan shiru. Na kai ga ba na wuce lungun sai da Ayatul Kursiyyu a bakina, har na fara zargin ko mutanen nan biyu aljani suke kiwo, suka sa masa sunan mutane.

Wata rana zazzaɓi ya hana ni fita. Ina kwance da hantsi, gida tsit, sai na ji makulli yana juyawa a lungu. Malam Habibu ya ɗauka kowa ya tafi. Ɗakina labule ne a ƙofarsa, bai kai ƙasa ba. Na ji takun yana matsowa a hankali, da ƙarar hannu yana shafar bango. Ƙafafu biyu suka bayyana a ƙarƙashin labulen, sirara, sun yi fari fat kamar an shafa musu toka, farata sun yi zaƙo-zaƙo sun lanƙwashe. Suka tsaya daidai ƙofata. Ina jin numfashinsa, na tabbata shi ma yana jin nawa. Abin da ya raba mu zane ɗaya ne, da na miƙa hannu da na gan shi, amma sai na ja bargo na rufe kaina. Da na leƙo, ƙafafun sun koma. Ko banɗakin bai shiga ba ranar.

Da yamma na tsare Malam Alhassan a saman bene yana shanya. Na ce ko ya gaya min, ko in koma tabarmar Hajja Asabe. Yana matse riga ɗaya ya ba ni labarin.

Malam Habibu mutumin Misau ne. Unguwarsu ce ta haɗa hannu ta turo shi, ana jiran ya dawo ya gaji limancin mahaifinsa. Karatu ya ƙi. Ya faɗi jarrabawa, ya maimaita, ya sake faɗuwa, aka sallame shi, bai gaya wa gida ba. Ana cikin haka rikicin farkon 2011 ya ɓarke, aka yanke wayoyi, shi kuma aka tsare shi a wani shinge saboda iƙamarsa, takardar izinin zama, ta ƙare. Ya daɗe ba a san inda yake ba. Wani ɗan garinsu da ya gudu gida a lokacin ya ce an neme shi an rasa, kafin labarin ya zaga unguwa ya zama an ga gawarsa. Da aka sako shi ya dawo, Malam Alhassan ya ce ya kira gida. Ya ce gobe. Goben ba ta zo ba har labari ya iso cewa an yi masa sallar ga'ib, an yi zaman makoki an watse.

Malam Alhassan ya ce, "Sai ya ce min, 'A bar shi haka. Gara su riƙe ni a mamaci da su karɓe ni a wanda ya kasa.' Ya ɗauko Alƙur'ani ya sa na rantse ba zan kai labarinsa Misau ba. Ya shiga ɗakin nan ya kulle."

Na ce, "Shi ke nan kuka zuba masa ido? A ɓalle ƙofar mana!"

"Na taɓa kawo kafinta. Habibu ya daina cin abinci har sai da na ba shi haƙuri ta ƙasan ƙofa." Ya rataya rigar. "Ni kuma bana zan gama. In na tafi, ban san wanda zai riƙa ɗaukar kwanon nan ba. Tarin ma da ba haka yake ba."

Na kwana da haushin su duka biyun, da kuma tausayin wata tsohuwa a Misau da ban taɓa gani ba.

A ƙarshen zafin 2013 gari ya sake birkicewa, aka sa dokar hana fita da dare, makaranta ta zama yau akwai gobe babu. Gida ya ishe mu. Yusuf ne kaɗai bai damu ba, kullum fuskarsa a waya, yana dariya ko yana tsaki shi kaɗai. Rannan na fizge wayar, na ga rubutunsu birjik kamar tururuwa ta samu sukari. Na ce ko wasiƙar budurwa ce. Ya ce a'a, hikaya ce. Wani marubuci a ƙasarsu yana saka babi ɗaya kullum a intanet, shekara da shekaru, masu karatu kuma suna rubuta ra'ayinsu a ƙasan kowane babi. Labarin masu neman tsawon rai ne, masu hawa takobi su tashi sama, masu haɗiyar ƙwaya guda su ƙara shekara dubu.

Muka sa shi ya riƙa fassara mana bayan la'asar. Da yake falon ya fi ko'ina iska, can muke zama, kusa da bakin lungun. Yusuf bai iya ba da labari kamar mutane ba, sai kamar mai ruwaito hadisi. Zai ce, "Marubucin ya ce," ya kawo jimla, in ya yi shakka ya ce, "ko kuma wata kalma mai kama da wannan." Malam Alhassan ne ya raɗa wa babin suna matani, ra'ayin masu karatu kuma hashiya, kamar yadda muke kiran sharhin gefen littattafanmu. Sunayen mutanen labarin sun fi ƙarfin harshenmu, sai muka sake musu. Jarumin muka sa masa Gagarau.

Ni hashiyar ta fi burge ni. Ranar da Gagarau ya ƙone dangi guda saboda ɗansu ya harare shi a kasuwa, wani ya rubuta cewa ya yi daidai, in ka bar jariri zai girma ya rama. Wata ta ce masa Allah ya sa ba maƙwabcinta ba ne. Wani ya ce shi ya daina karantawa daga yau, Yusuf ya ce wannan mutumin kowane mako sai ya daina. Malam Alhassan kuwa fatawa yake bayarwa da gaske. Ya ce kisan nan ba ƙisasi ba ne, ta'addanci ne, kuma wanda ya rayu shekara dubu bai yi sallah ba, wahala kawai ya tara wa kansa. Ni kuma ina bayan Gagarau don in ba shi haushi. Sai mu yi ta musu har a kira magariba, kamar mutanen unguwarmu ne.

A ƙarshen kowace hashiya akwai wani mai kiran kansa Busasshen Kifi. Abu ɗaya yake rubutawa kullum: "Babban Yaya fa, yaushe zai fito?" Sauran su yi ta yi masa dariya. Na tambayi Yusuf wane ne Babban Yaya. Ya ce can a farkon labarin ne, kafin mu shigo. Shi ne babban almajirin makarantar da Gagarau ya tashi, kowa yana ganin shi zai gaji malaminsu. Aka yi gasa, wani ƙaramin yaro ya kayar da shi a gaban jama'a. Babban Yaya ya hau dutse ya shiga kogo, ya toshe bakin da falalen dutse, ya rantse ba zai fito ba sai ya fi kowa. Daga nan marubucin ya bi Gagarau duniya, bai sake ambatonsa ba. A lissafin labarin an yi ɗaruruwan shekaru.

Na buɗe baki zan yi ba'a ke nan, sai wata murya ta fito daga lungu.

"Yusuf. Maimaita."

Murya ce a dishe, can ƙasa, irin ta tsohon da ya daɗe a kan gado. Kofin shayin Malam Alhassan ya tsaya a iska. Yusuf ya dube mu, ya gyara zama ya fuskanci lungun, ya maimaita kalma da kalma.

Muryar ta ce, "Da matani ka faɗa, ko da ma'ana?"

"Da ma'ana, ya ustaz. Babin ya yi nisa."

"Nemo shi."

Ya nemo, ya karanta.

Tun daga nan muka zama mu huɗu. Da an yi la'asar za mu ji yana jawo wani abu zuwa bayan ƙofa ya zauna, inuwarsa ta toshe hasken da ke fitowa ta ƙasa. Ba ruwansa da Gagarau. Yana jira a gama matani, a bi hashiya, a zo kan Busasshen Kifi. In Yusuf ya karanta tambayar, sai mu ji ɗan guntun sauti, ban san ko dariya ba ce, sannan ya ja abin zamansa ya koma. Wani lokaci yakan gyara wa Yusuf Larabci ta bayan ƙofa, kuma gyaran daidai ne. Na kasa gane yadda mai irin wannan kai ya faɗi jarrabawa. Malam Alhassan ya ce a ɗaki ba a kama shi, amma in an ajiye masa takarda a zaure, hannunsa rawa yake yi har lokaci ya ƙare.

Sanyi ya shigo, tarin ya ƙaru. Muka sayo magani muna ajiyewa kusa da kwano, wani lokaci ya ɗauka, wani lokaci ya bari.

Wata la'asar Yusuf ya gama hashiya ya kashe waya. Muryar ta ce, "Ka tsallake."

"Ban tsallake ba, ya ustaz."

"Busasshen Kifi."

Yusuf ya sake kunna wayar, ya bi da yatsa har ƙasa, ya koma sama. Ya ce, "Bai rubuta ba yau."

Bai rubuta ba washegari, bai rubuta ba duk makon. Kwanon Malam Habibu ya fara dawowa da rabin abinci, daga baya ya zama ko taɓa shi ba a yi. Ni da nake tsoron lungun, na koma ina tsugunnawa a bakin ƙofa ina roƙonsa. Na ce, "Malam, don girman Allah ka ci. Mutumin nan wataƙila wayarsa ce ta faɗa ruwa." Wani wari mai kama da na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe taga ba yana fitowa ta ƙasan ƙofar, da sanyi.

Ashe ba mu kaɗai muka lura ba. Masu yi masa dariya a hashiya suka fara cigiya. Wani ya ce ɗan garinsu ne, yana asibiti. Wani ya ce ya rasu. Yusuf ya karanta wannan a hankali, muryar ta ce, "Wa ya faɗa?" Yusuf ya ce wani ne da ba a san shi ba. Ta ce, "Ba a karɓar labarin wanda ba a sani ba." Amma na ji yadda ta karye a ƙarshe. Daga nan abin ya zama kamar an yi shawara. Mutum bayan mutum suka ɗauki tambayar, har ta cinye hashiyar duka, ba mai maganar Gagarau. Yusuf yana karantawa, tambaya ɗaya daga bakuna daban-daban, babu mai ita. Ban taɓa jin abin da ya tayar min da hankali irin wannan ba, ga rana ba ta ma faɗi ba. Na sa Yusuf ya rubuta tamu, ya ce daga Masar ake tambaya. A raina na ce in marubucin ya fito da Babban Yaya da ƙarfinsa, wataƙila namu ma ya fito.

Lokacin Malam Alhassan ya riga ya kare kundin digirinsa, ya fara ɗaure littattafai a kwali.

Wata ranar ina hawowa bene da burodi, na tarar da Yusuf zaune a kan matakala, waya a cinya, ba dariya. Ya ce, "Ya akhi, an buɗe kogon." Ya ba ni labarin a taƙaice.

Na ce, "Ba za ka karanta masa wannan ba."

"Zai tambaya."

"Sai ka ce ya fito! Ka ce dutsen ya tsage, ya fito da farin gemu, ya tashi sama, kowa ya faɗi yana gaishe shi. Ni zan tsara maka, kai dai ka faɗa."

Ya girgiza kai. "Ban taɓa ƙara masa harafi ba."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kai Yusuf, hadisi ne? Tatsuniya ce fa! Mutumin da ya rubuta ta ma ƙarya yake shararawa, yana zaune yana shan shayi. Rai guda za ka kashe saboda ƙaryar wani?"

Ya ce, "Shi ƙaryarsa ce, yana da ikon juya ta. Ni ba ni aka yi in isar." Idonsa ya kawo ruwa. "Kuma zai gane. Wanda yake kama ni a kan wasali ɗaya, babi guda zan ƙirƙira masa? In ya gane, ba zai sake yarda da muryar kowa a gidan nan ba."

Muka kai ƙara wurin Malam Alhassan a kicin, muna raɗa. Ya saurare mu yana kallon tukunya. Ya ce, "Shekarun nan duka lallaɓa shi nake yi, ga inda muke. A karanta masa yadda yake." Na ce in wani abu ya faru babu hannuna. Ya ce ya ji.

Bayan la'asar inuwar ta toshe hasken ƙasan ƙofa. Yusuf ya yi bismilla, abin da bai taɓa yi wa hikayar ba, ya fara.

Marubucin ya ce Gagarau ya dawo tsohuwar makarantarsu neman wani abu, ya ga falalen dutse a jikin tsauni, ciyawa ta rufe shi. Ya tambayi dattawan wurin me ke ciki, babu wanda ya sani. Ya ture dutsen. A ciki ga mutum zaune ya tanƙwashe ƙafa, bayansa a miƙe, rigarsa ba ta yage ba, idonsa a buɗe yana kallon bakin kogon. Gagarau ya yi masa sallama, bai amsa ba. Ya taɓa kafaɗarsa, sai mutumin ya zube ya zama ƙura a cikin rigar. Masana suka duba suka ce tun sanyin farko ya mutu. Aka nemi sunansa don a rubuta a kabari, aka rasa mai tunawa. Aka share ƙurar aka binne, Gagarau ya ci gaba da tafiyarsa.

Yusuf ya ɗago kai daga wayar. Ana jin masu ƙananan motocin haya suna kiran fasinja a titi, can ƙasa.

Muryar ta ce, "Gasar fa? Ba wanda ya ambace ta?"

"Babu, ya ustaz."

"Duba da kyau."

Ya duba. "Babu a matani."

"Hashiya."

Yusuf ya share hanci ya karanta. Wasu suna zagin marubucin, sun ce mugu ne. Wasu sun ce sun yi kuka a wurin aiki. Wata ta ce gara da Busasshen Kifi bai ga wannan ba. Da yawa kuma suna tambayar juna, wai shin wa ma ya kayar da shi, kuma a kan me aka yi gasar? Babu wanda ya iya ba da amsa, har waɗanda suka ce tun babin farko suke biye.

Inuwar ba ta motsa ba. Muka zauna har shayi ya huce, babu tari, babu numfashi. Na fara hango mu muna ɓalle ƙofa mu tarar da shi zaune bayansa a miƙe. Na kama hannun Malam Alhassan kamar yaro.

Sai makulli ya juya.

Na shirya ganin tsoho. Duk watannin nan muryar ta sa na zana shi da furfura da ƙusumbi. Wanda ya fito yana dafa bango saurayi ne, da kaɗan ya girme ni. Gashi ya cukurkuɗe masa, wuyansa kamar a kama da yatsa biyu, ya kare ido da hannu saboda hasken taga. Wannan ya fi tsohon ban tsoro. Sa'ana ne, irin wanda za mu iya zama aji ɗaya, kuma ni ma a makon nan ina ɓoye wa gida sakamakon wata jarrabawa.

Ya zauna a ƙasa inda ƙarfinsa ya ƙare. Ya ce, "Alhassan, na sauke maka rantsuwar." Sannan ya dube ni. "Kai ne mai bargo?" Na ce ni ne, Malam. Ya ce, "Ara min wayarka."

Lambar tana kansa. Yatsunsa suka kasa, ya faɗa ni na danna, na sa a sifika don ba ya iya riƙewa. Ta yi ta ƙara. Wata tsohuwa ta ɗauka ta yi sallama, ana jin awaki a bayanta.

Ya ce, "Inna."

"Wa ke magana?"

"Inna, ni ne. Habibu."

Muryarta ba kuka a ciki, sai gajiya.

"Bawan Allah, ba ku gaji ba? Wancan ya ce zai kawo min kayansa, na sayar da tunkiya na aika. Yanzu kuma kai ne shi da kansa? Na san muryar ɗana. Habibuna ya rasu a Masar yana neman ilimi, ya yi shahada, mun yi masa sallah. Ka ji tsoron Allah, ka bar min shi ya kwanta."

Ta kashe. Ya ce in sake kira, na sake. Wayar a rufe take.

Yusuf bai ji Hausa ba, amma ya sunkuyar da kai. Malam Alhassan yana kuka a fili, ƙato da shi. Malam Habibu ya daɗe yana kallon wayar a ƙasa, ya yi tari har ya dafe ƙirji.

Da ya lafa ya ce, "Ba za ta yarda da murya ba. Sai ta gan ni." Ya kama gefen kujera ya miƙe. "Ku ara min takalmi. Nawa sun ruɓe."

Malam Alhassan ya ce, "Habibu, ofishin jakadanci, masu ba da takardar tafiya, sun tashi. Sai da safe."

Ya ce, "Na sani. Benen nan zan fara koyon sauka. In na ce gobe, na san kaina."

Na cire nawa na durƙusa na sa masa, sai da na karkata su saboda faratan. Yusuf ya buɗe ƙofar waje. Malam Habibu ya dafa kafaɗata, ban ji nauyin komai ba, ya tsaya a bakin matakala yana kallon ƙasa. Sannan ya sauke ƙafar dama, ni kuma na bi shi ba takalmi.